"Ana Sa Ran": Kalmomin Turanci Biyar Da Muke Zubawa A Buhu Ɗaya

 

Yau Turanci za mu ɗan taɓa, amma don Allah wanda ya tsani aji kada ya gudu. Ba maganar cin jarrabawa kaɗai ba ce. Maganar yadda ake yi mana alkawari ce, da yadda mu ma muke neman haƙƙinmu a rubuce.

Ku saurari labaran rediyo na kwana ɗaya kacal, ku ƙirga sau nawa za ku ji an ce "ana sa ran". Ana sa ran kammala hanyar a ƙarshen shekara. Ana sa ran biyan albashi mako mai zuwa. Ana sa ran farashin abinci zai sauko. Mai fassara bai yi laifi ba, Hausarsa daidai take, kuma lokacinsa ƙayyadadde ne. Sai dai in ka koma takardar asali da aka rubuta da Turanci, za ka tarar a wani wuri "expect" aka sa, a wani wuri "hope", a wani "anticipate", a wani "look forward to", a wani kuma "await". Kalmomi biyar ke nan, kowacce da nauyinta, kowacce da irin abin da take ɗora wa wanda ya furta ta. Wanda ya rubuta takardar ya san dalilin da ya sa ya zaɓi wannan ya bar waccan. Mu da aka rubuta dominmu ne muke haɗe su gaba ɗaya.

Kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Mu ma a Hausa ai mun san fata daban, tsammani daban, ɗoki daban, jira daban. In aboki ya ce maka "ina fatan zan biya ka gobe", ka san kuɗinka bai kama hanya ba tukuna. In ya ce "ina tsammanin kuɗi za su shigo gobe, an ce an tura", to akwai ɗan ƙamshin magana. Irin wannan kunnen nake so mu sa wa Turanci.

Ga hanyar da nake bi. Duk sanda na ci karo da ɗaya daga cikin kalmomin nan, tambaya uku nake yi. Mai maganar yana ganin abin zai faru? Yana son ya faru? Ya yi wani abu a kai? Wato hankali, zuciya, da hannu. Ku riƙe wannan, da shi za mu auna kowacce.

Mu fara da "expect". Wannan ta hankali ce. Asalinta daga Latin ne, kuma ma'anarta ta farko ita ce leƙawa waje don hango abin da ke tafe. In mutum ya ce "I expect rain tonight", yana nufin ya ga hadari, ko ya ji hasashe, hankalinsa ya ba shi za a yi ruwa. Ko yana so ko ba ya so, kalmar ba ruwanta. Shi ya sa ake amfani da ita ga alheri da akasinsa. Za ka iya cewa "I expect to pass", za ka iya cewa "I expect to fail". Na biyun ba yana nufin kana son faɗuwa ba, ka dai san abin da ka rubuta a takarda ne.

Amma fa "expect" ba tabbas ba ce. 'Yan'uwa mata da suka taɓa zuwa awo sun san EDD da ake rubutawa a kati, ranar da ake tsammanin haihuwa. Lissafi ne na mako 40, wato kwana 280 daga ranar farko ta al'adar ƙarshe. Lissafin yana da tushe, amma jarirai kaɗan ne ke zuwa daidai a ranar. To haka "expect" take: akwai dalili, babu garanti. Kuma tunda mun zo nan, in ka ji an ce "she is expecting" aka yi shiru ba a ƙara komai ba, ana nufin tana da juna biyu. Kada ka tambayi wa take jira.

Akwai ma'ana ta biyu, kuma ita ce ta fi yi mana amfani. In aka sa mutum a tsakiya, aka ce "I expect you to come", magana ta tashi daga tsammani ta koma wajibi. In ka ga an rubuta a allon sanarwa "students are expected to be seated by 8", ba hasashe makaranta take yi ba, doka ta kafa cikin lafazi mai laushi. Ka makara ka ga abin da zai biyo baya.

Akwai wani sanannen labari a tarihin Ingila a kan wannan. Ranar 21 ga Oktoba 1805, a yaƙin ruwa na Trafalgar, a gaɓar tekun Sifen, jiragen Birtaniya sun fuskanci na Faransa da Sifen. Kwamandan Birtaniya, Nelson, ya so aika saƙo ga mayaƙansa ta hanyar tutoci, cewa Ingila ta amince kowa zai sauke nauyin da ke kansa. Kalmar da ya zaɓa ita ce "confides", wato amincewa. Jami'in tutocin, John Pasco, ya ba shi shawarar a sa "expects", saboda ita tana cikin kundin alamominsu, waccan kuwa sai an jera ta harafi bayan harafi, ga lokaci ya ƙure. Nelson ya yarda. Sai saƙon ya tashi daga "mun yarda da ku" ya koma kusa da "wajibi ne a kanku". Kalma ɗaya aka canza, kuma da ita ake tuna saƙon har yau, sama da shekara 200.

Sai "hope". Wannan ta zuciya ce, ita ce fata. Mai cewa "I hope" yana son abin ya faru, amma bai ce maka yana da wani dalili ba, kuma bai ce abin yana hannunsa ba. Shi ya sa ba a amfani da ita ga abin da ba a so. Na sha ganin saƙon da matashi zai rubuta "I hope the fuel price will increase again", alhali abin da yake nufi shi ne yana jin za a sake ƙara kuɗin mai. Wanda ya karanta zai ɗauka addu'a yake a ƙara. A nan "I expect" ya kamata, ko "I'm afraid" in yana son nuna fargabarsa.

Ku lura da yadda 'yan siyasa ke ƙaunar wannan kalma. A zaɓen 1993, taken kamfen ɗin Abiola "Hope '93" ne. A Amurka a 2008, hoton Obama da ya fi yawo kalmar "Hope" ce a ƙasansa. A 2023 kuma Tinubu ya zo da "Renewed Hope". Ba wai ina kushe fata ba ne, al'ummar da ta yanke ƙauna ai ta mutu a tsaye. Abin da nake so ku gane, "hope" kalma ce mai ɗaga zuciya, amma ba ta ɗaure wanda ya faɗe ta. In jami'i ya ce "we hope to pay by Friday", Juma'a ta zo ba a biya ba, ba za ka iya ce masa ya yi ƙarya ba. Zai ce ai fata ya yi, kuma har yanzu yana kan fatan.

Tana da 'yar'uwa da ake yawan haɗa su, wato "wish". Bambancin shi ne "hope" tana tafiya da abin da zai iya yiwuwa, "wish" kuma galibi da abin da ba haka yake ba, ko ya riga ya wuce. "I wish I had money" na nufin ba ni da kuɗin, ina ma a ce ina da su. "I wish I had studied" ita ce da-na-sani. Don haka in ƙanwarka za ta shiga jarrabawa, "I hope you pass" za ka ce mata. In kuma kana son amfani da "wish", sai ka bi ta da suna kai tsaye: "I wish you success". Wannan daidai ne.

Yanzu ga wadda na fi so, "anticipate". Ita ma daga Latin take, kuma asalin ma'anarta shi ne riga abu, ka kama shi tun kafin ya iso. Wannan ta hannu ce. Ka hango abu, ka yi shiri. Mai tsaron gida a ƙwallo da ya karanci inda za a buga, ya faɗa can kafin ƙwallon ta tashi, shi ne ya yi "anticipate". Mai shayi da ya san gobe kasuwa ke ci, ya ƙara yawan burodi tun yau, shi ma haka. Bahaushe ya gama fassara kalmar nan tun tuni da ya ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

A nan ne bambancin kalmomi ke zama maganar rai da mutuwa. A Najeriya, hukumar NiMet tana fitar da hasashen yanayi tun farkon kowace shekara, hukumar NIHSA kuma tana fitar da hasashen ambaliya kafin damina ta kankama. Wannan aikin shi ake kira "predict" ko "forecast", wato masana su duba alƙaluma su faɗi abin da ke tafe. Duk wanda ya karanta rahoton ya yarda da shi, ya kai matakin "expect". Amma "anticipate" sai an yashe magudanar ruwa, an tanadi inda za a kwashe mutane, an gaya wa manomin bakin kogi da harshen da yake ji. A 2022 an yi gargaɗi, kuma duk da haka ambaliya ta kashe sama da mutum 600, ta raba sama da miliyan ɗaya da gidajensu. Masu aikin agaji a duniya har suna da abin da suke kira "anticipatory action", wato a kai ɗauki kafin bala'i ya sauka maimakon a jira a raba tabarma da shinkafa bayan ruwa ya ci gari. To in shugaban ƙaramar hukumarku ya ce "we anticipated the flood", tambayar da ta dace ita ce: me kuka yi? In babu amsa, to "expected" ya kamata ya ce.

Sai dai in faɗa muku gaskiya, su kansu masu harshen da yawa suna amfani da "anticipate" a matsayin "expect" mai babbar riga, musamman a takardun ofis. "We anticipate some delay" sau da yawa ba ta wuce "muna jin za a samu jinkiri" ba. Ƙamus ma ya karɓi wannan. Saboda haka kada girman kalmar ya ruɗe ka, ka nemi shirin da ke bayanta. Ta fuskar nahawu kuma, ba a cewa "anticipate to finish". Ana cewa "anticipate finishing", ko "expect to finish".

Ta huɗu, "look forward to". Wannan ita ce ɗoki. Ta haɗa hankali da zuciya: kana ganin abin zai faru, kuma kana murna da zuwansa. Yaro da ɗinkin sallarsa yana rataye a ɗaki, shi ne mai "looking forward to" sallah. Ba a amfani da ita ga abin baƙin ciki, kuma ba a cika amfani da ita ga abin da babu alamar zai faru ba.

Masu neman aiki da masu neman tallafin karatu, ku matso kusa. Wannan ce kalmar rufe wasiƙa, kuma a nan ne ake yawan tuntuɓe. Ana rubuta "I look forward to hear from you". Daidai shi ne "I look forward to hearing from you". Dalili kuwa, "to" ɗin nan ba irin ta "to go" ko "to eat" ba ce, wani ɓangare ne na kalmar kanta, kuma suna take nema a gabanta. Ga gwaji mai sauƙi: za ka iya cewa "I look forward to the interview", ka ga suna ne ya biyo baya. To in aiki za ka sa a wurin, sai ka ƙara masa "ing" ya zama kamar suna. Harafi uku ne, amma mai tace takardu ɗari biyar a rana yana iya ajiye taka a gefe saboda su.

Me ya sa ita ce ta fi dacewa da wasiƙar neman aiki? Ku gwada sauran ku ji. "I hope you will reply" tana da raunin murya, kamar mai roƙo a bakin ƙofa. "I expect you to reply" kuma umarni ne, ka zama kamar kai ne mai kamfanin. "I look forward to your reply" ta tsaya a tsakiya: akwai ladabi, akwai kuma yarda da kai. Ita kuwa "thanks in anticipation" da muka gada a wasiƙun ofis, ba kuskure ba ce, amma ta tsufa, kuma wasu na jin ta kamar ka yi godiya tun kafin a ce za a ba ka.

Ta biyar, "wait" da "await", wato jira. Su ba su ce komai a kan hankali ko zuciya ba, lokaci kawai suke nunawa yana tafiya kai kana zaune. Ma'anarsu ɗaya, sai dai "wait" tana buƙatar "for", ita kuwa "await" ba ta so. "I am waiting for the result", ko "I am awaiting the result". In ka ce "awaiting for", ka yi wa riga wuya biyu. Duk wanda ya cike fom ɗin JAMB kafin sakamakon WAEC ko NECO ya fito ya san "awaiting result". Akwai kuma wadda ta fi ta ɗaci, "awaiting trial". Fiye da rabin mutanen da ke tsare a gidajen gyaran hali na Najeriya wannan sunan suke ɗauke da shi, ba a yanke musu hukunci ba, jira kawai suke. Kalmar ba ta ce za a saurare su gobe ba, ba ta ce baɗi ba. Haka nan in ofis ya ce maka takardarka tana "awaiting approval", bai gaya maka komai ba sai cewa tana kan tebur. Ka tambaya: teburin wa, kuma tun yaushe?

'Yan'uwanmu na Nijar da suka yi boko da Faransanci, ku abin zai zo muku da sauƙi, don ku ma kuna da wannan rabon. "Espérer" ita ce "hope", "attendre" ita ce "wait", "s'attendre à" kuma ita ce "expect". Ku dai kiyaye kada kamannin "attendre" da "attend" ta Turanci su ja ku, don ita "attend" halarta take nufi.

To yanzu mu haɗa su a kan misali ɗaya. A ce hanyar garinku ce ake magana a kai, kuma ga jimloli huɗu da za ku iya gani a takardar manema labarai.

"We hope to complete the road by December." Muna so, amma kada ku riƙe mu.

"We expect to complete the road by December." Bisa lissafinmu za a gama. A nan kuna da damar tambaya: wane lissafi? Nawa aka saki? Kashi nawa aka yi?

"The road is expected to be completed by December." Ku kula da wannan sosai. An cire mai magana gaba ɗaya. Wa ke tsammanin? Ɗan kwangila? Ma'aikata? Ɗan jaridar da ya rubuta? Babu wanda za ka nuna da yatsa. Ita ce ainihin "ana sa ran" ɗinmu.

"We will complete the road by December." Wannan ce kaɗai alkawari, kuma alkawari kaya ne. Ku ɗauki hotonta ku ajiye, ku sa ranar a kalanda.

Kun ga yadda hanya ɗaya, wata ɗaya, amma nauyin maganar ya bambanta. Matashin da ya iya wannan ba zai tafa wa jimlar farko kamar ta huɗu ba.

Ɗaya gefen kuma shi ne yadda mu muke rubutu. Na karanta wasiƙun ƙorafi da dama da ƙungiyoyin matasa ke kai wa hukumomi, a kan ruwan sha, a kan asibitin da ba magani, a kan ajin da rufinsa ya yaye. Kusan duk da "we hope" suke ƙarewa. Tarbiyya ce, na sani, an koya mana tausasa harshe a gaban manya, kuma abu ne mai kyau. Amma akwai wurin alfarma, akwai wurin haƙƙi. Misali, dokar 'yancin samun bayanai da aka sa wa hannu a 2011 ta ba ɗan ƙasa damar neman bayani daga hukumar gwamnati, kuma ta ce a amsa cikin kwana 7, da damar ƙarin wasu kwana 7 a wasu yanayi. In ka rubuta wa ma'aikatar tarayya a ƙarƙashin wannan doka, ba alfarma kake nema ba. Kana iya rufewa da "we expect a response within 7 days as provided by the Act", kuma babu rashin kunya a ciki ko kaɗan. Wanda ya karanta zai gane cewa ka san abin da doka ta ba ka.

Amma kada a ɗauki wannan a tafi da shi ko'ina. In kawunka ne kake neman ya taimaka maka da kuɗin makaranta, "I hope" ce taka. In malami kake roƙo ya rubuta maka takardar shaida, kada ka kuskura ka ce masa "I expect you to". Ka fara tambayar kanka: abin nan haƙƙina ne, ko kyauta ce? Amsar ita za ta zaɓa maka kalma.

Mu ma kuma mu juya tambayar kanmu. Da yawanmu muna "hope" ɗin samun aiki, muna "wait", shekara tana zagayowa. Tsammanin warabbuka ke nan, malam ya ƙi noma don zakka. Wanda ya duba inda kasuwar aiki ta dosa, ya koyi sana'a ko kwamfuta tun yana bautar ƙasa, ya gyara takardunsa kafin a buɗe shafin ɗaukar ma'aikata, shi ne ya yi "anticipate". Ba na cewa hakan zai kawar da rashin aikin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Amma ranar da dama ta zo, shi za ta tarar a shirye.

Ga aikin gida. A wannan makon ku nemo sanarwa ɗaya ta Turanci, ta gwamnati ce, ta makaranta ce, ko ta wurin aiki. Ku ja layi a ƙarƙashin kalmar da aka yi maganar gaba da ita, ku yi mata tambayoyin nan uku: ana ganin zai faru, ana son ya faru, an yi wani abu a kai? Ku turo mana abin da kuka samu, za mu karanta wasu a shiri na gaba. Wanda kuma yake da ƙani ko ƙanwa da ke rubuta wasiƙar neman aiki, ya tura masa wannan tun kafin ya aika.